Shaidata: Yadda Addu'a Ta Riƙe Ni Daga Galmi Har Yamai

Ni mace ce mai sana'ar ɗinki a unguwar Bukoki da ke birnin Yamai, gwauruwa ce, kuma uwar ƴaƴa. Matan zumuntarmu ta ikilisiya sun daɗe suna roƙona in rubuta shaidar da nakan bayar da baki a taronmu, domin ƴan'uwan da ke nesa su ma su samu su karanta. Na amince, amma tun daga farko ina so mai karatu ya sani cewa ba duk abin da na roƙi Allah ne ya ba ni ba, kuma ba zan ƙawata labarin don ya yi daɗin ji ba. Abin da zan iya tsayawa a gaban kowa in shaida shi ne, sau da yawa rayuwa ta ba zuciyata dalilin ƙeƙashewa, addu'a ce kuma ta hana ta.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Galmi, cikin jihar Tawa, daura da babbar hanyar da ta taso daga Konni ta nufi Madawa. Kowa ya san Galmi da abu biyu, wato albasa da asibitin mishan da aka buɗe a 1950. Ta hanyar wannan asibiti ne bishara ta shigo gidanmu, domin mahaifina ya yi zaman jinyar ƙanensa a can, ya ji Maganar Allah da harshen Hausa, ya dawo gida yana juya ta a ransa har ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Yana da tsohon Littafi Mai Tsarki, juyin nan na 1932, wanda yakan naɗe cikin ƙyalle ya soke a rufin ɗaki saboda gara. Shi ne mai karatu a gidanmu. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma a wurinta na koyi addu'a.

Ina yarinya aka yi farin 1984, a zamanin mulkin Seyni Kountché. Damina ta ɗauke tun hatsi bai yi kai ba, a shekarar kuma Najeriya ta rufe iyakokinta, sai abinci ya yi wuyar samu ko ga mai kuɗi a hannu. Mahaifina ya bi sauran mazan Adar zuwa cin rani, ya bar mu da ɗan abin da ya rage a gindin rumbu. Da ya ƙare muka koma ga anza, ƴaƴan wani itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu har a iya haɗiye ta. A cikin wannan hali, kowace asuba da ladan ya kira salla, Inna takan tashe mu, ta shimfiɗa tabarma a bakin rumbun, ta durƙusa ta dafa jikinsa da tafin hannunta, mu kuma mu jeru a bayanta muna rawar ɗari. Takan fara da godiya, ta gode wa Allah don mun kwana lafiya, don akuyar da ta rage mana, don rijiyar gari ba ta ƙafe ba. Daga nan sai ta kira sunan kowane gida na unguwarmu, Kirista da Musulmi, ta roƙa musu abinci, sa'an nan ta zo kanmu a ƙarshe. Idan muka kai wurin da ake cewa “Ka ba mu yau abincin yini” a cikin addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa, muryarta takan yi rawa, amma ban taɓa jin ta tsallake wurin ba.

Wata rana na tambaye ta dalilin da ya sa take gode wa Allah alhali rumbu wayam yake. Ta dube ni ta ce, “Ƴata, wanda za ki roƙa, ki fara sanin ko shi wane ne.” Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Mun fita daga wannan yunwa da ranmu, ta hanyar taimakon abinci da aka raba da kuma ɗan saƙon da mahaifina ya riƙa aikowa, amma akwai gidajen da Inna ta yi wa addu'a da suka binne ƴaƴa. Wannan ya tsaya mini a rai tun ina ƙarama, kuma shi ya sa har yau ba na iya sauraron wa'azin da ke mai da addu'a hanyar samun duk abin da rai ke so.

Bayan aurena muka dawo Yamai, inda maigidana yake aikin gini. Muka kama hayar ɗaki biyu a gidan da muke tarayya da iyalai Musulmi, muka zauna da su lafiya, suna aiko mana da naman layya, mu kuma muna kai musu abinci ranar Kirsimeti. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci a Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka duk Kiristan ƙasar nan a tsakiyar masu salla sau biyar a yini yake rayuwa. A ganina wannan abin koyi ne gare mu. Idan na ga mai tireda ya bar cinikinsa a tsakiyar kasuwar Wadata ya shimfiɗa buzu don lokacin salla ya yi, nakan tuna da Daniyel wanda yake durƙusawa sau uku a yini ko da sarki ya kafa dokar hani, in tuna kuma da Ubangijinmu wanda Markus ya rubuta cewa ya tashi da asussuba tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa domin ya yi addu'a. Ƴancin da muke da shi na yin magana da Uba a kowane lokaci bai kamata ya zama dalilin rasa tsayayyen lokaci ba. Don haka na riƙe al'adar Inna, kiran asuba shi ne yake tashe ni, kuma kafin in hura wuta sai na durƙusa.

Mahaifina yakan ce addu'a kamar ban ruwan albasa ce da rani: kullum sai ka je ka zuba, ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ka yi fashi na ƴan kwanaki ganyen ne zai fara tona maka asiri. Na ga gaskiyar wannan a cikin aurena. Ranakun da muka haɗa kai da maigidana muka yi addu'a kafin ya fita aiki, ko da saɓani ya taso, bai cika kwana a tsakaninmu ba, domin da wuya mutum ya riƙe hannun wani a gaban Allah da safe, ya kuma riƙe shi a zuci har dare.

Sai ciwon hanta ya kama shi. Mutumin da yake ɗaukar buhun siminti shi kaɗai ya koma ba ya iya ɗaga kofin ruwa. Muka yi duk abin da ake yi: muka je asibiti, muka sayar da filin da muka saya da niyyar gina namu gidan, dattawan ikilisiya suka zo suka shafa masa mai suka yi masa addu'a kamar yadda wasiƙar Yakubu ta umarta, matan zumunta suka yi azumi, aka yi kwanan addu'a a majami'a saboda shi. Ni kaina ban taɓa roƙon wani abu da dukan raina kamar yadda na roƙi ransa ba. Duk da haka Allah ya ɗauke shi, ya bar ni da yara, ƙaramarsu ko yaye ta ban yi ba.

A cikin kwanakin makoki wani baƙon mai wa'azi ya zo gaisuwa, ya ce da bangaskiyarmu ta kai, da bai mutu ba. Ina so in faɗa wa duk wanda aka taɓa jifa da irin wannan magana cewa ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, kamar yadda yake a 2 Korantiyawa 12. Ubangiji Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala in mai yiwuwa ne, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uba, aka gicciye shi washegari. Wa zai ce bangaskiya ce ta gaza a nan? Mai faɗa wa gwauruwa cewa ƙarancin bangaskiyarta ne ya kashe mijinta ya ɗora mata kayan da Allah bai ɗora mata ba.

Amma a lokacin ban iya ba shi wannan amsa ba, domin bakina ya mutu. Nakan durƙusa da asuba kamar yadda na saba, sai in rasa kalma ko ɗaya. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne: wata dattijuwa a zumuntarmu, wadda ita ma ta binne miji, ta lura da halin da nake ciki ba tare da na faɗa mata ba. Sai ta riƙa zuwa bayan magariba, ta zauna kusa da ni, ta sa babban ɗana ya karanta Zabura, ita kuma ta yi addu'a a madadina. Ba ta taɓa matsa mini in buɗe baki ba. Ranar da na ce mata, “Inna, na kasa yin addu'a,” sai ta ce, “Ƴata, durƙusawar da kike yi ita ma ana ganinta. Ki ci gaba da zuwa gabansa, Ruhu zai faɗi abin da kika kasa faɗa.” Daga baya na gane cewa Romawa 8:26 take nufi, inda aka ce Ruhu yana taimakonmu cikin rashin ƙarfinmu, yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Zabura ce ta dawo mini da harshe, domin a cikinta na tarar da bayin Allah suna tambayarsa har yaushe, suna kuka, suna kai ƙara, ba a kuma kore su daga gabansa ba. A hankali na fara maimaita kalmominsu, har nawa suka dawo.

Matan zumunta suka haɗa kuɗi suka saya mini keken ɗinki. Da shi na biya haya, da shi na sa yara a lakwal. Ina ɗaukar wannan keke amsar addu'a ce, kuma ta hannun mutanen da suke addu'ar amsar ta zo, abin da ya koya mini cewa wanda yake roƙa wa ɗan'uwansa abu ya kamata ya duba ko Allah ya riga ya sa abin a hannunsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a watan Janairun 2015. Wata mujalla a Faransa, Charlie Hebdo, ta buga zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci, abin da ya ɓata wa maƙwabtanmu rai ƙwarai, kuma babu Kiristan kirki a ƙasar nan da ya goyi bayansa. Ranar Juma'a 16 ga wata tarzoma ta tashi a Damagaram, ranar Asabar 17 ga wata ta iso Yamai. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a unguwanni da dama. Hukuma ta ce mutum goma ne suka rasa rayukansu a biranen biyu, ƴan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. Tamu tana cikinsu.

Dole in faɗi wannan domin gaskiya ta cika: maigidan da muke haya a wurinsa, wani Alhaji dattijo, shi ne ya shigar da ni da ƴaƴana cikin ɗakin matarsa, ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar gida har dare, ya ce duk mai neman mu sai ya bi ta kansa. Ba zan manta da wannan alheri ba, kuma sunansa ba ya fita daga addu'ata. Amma kafin a shigar da mu, na leƙa ta ƙofa na ga ayarin samari suna wucewa da jarkokin fetur, a cikinsu kuwa akwai yaron da na sani tun yana rarrafe, ɗan wata maƙwabciyarmu, wanda ni nake ɗinka masa kayan salla kowace shekara.

Da ƙura ta lafa muka je muka ga wurin. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo ciki, bencina sun zama gawayi, gangunan zumuntar mata sun ƙone, littattafan waƙoƙi da Littattafai Masu Tsarki sun zama toka, sai gefen wasu shafuka da ake iya karantawa. A nan aka yi wa ƴaƴana albarka, a nan aka yi wa mijina sujadar bankwana. Da muka taru a filin, a ƙarƙashin rumfar da aka kafa, fastonmu ya karanta Matiyu 5:44, inda Ubangiji ya ce mu ƙaunaci magabtanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Ya ce kowa ya yi addu'a domin waɗanda suka yi wannan aiki. Jama'a suka ɗaga murya, ni kuwa fuskar yaron nan ce kawai a gabana.

Yin addu'a domin “waɗanda suka ƙona majami'a” abu ne mai sauƙi, domin taro ba shi da fuska. Kiran sunan mutum guda da ka sani, wanda kake gani kullum yana wucewa ta ƙofar shagonka, ka kuma roƙa masa alheri, wannan wani abu ne dabam. Na ɗaura niyya zan riƙa kiran sunansa kowace asuba, domin umarni ne, ba domin raina yana so ba. Da farko abin da nake iya cewa shi ne, “Ya Ubangiji, ga wane, ka san abin da ya yi.” Na daɗe a kan wannan. Sai wata asuba na ji kaina ina tuna cewa shi ma maraya ne kamar ƴaƴana, ya bar lakwal tun yana ƙarami, ba shi da sana'a, yini yake a bakin titi wurin shan shayi. Daga nan addu'ar ta fara sauyawa, na fara roƙa masa aikin yi, da abokai nagari, da tsari daga masu amfani da ƙuruciyar yara don biyan bukatarsu. Ban san ranar da zafin ya fita daga ƙirjina ba, domin a hankali ya riƙa raguwa, kuma duk wannan lokaci babu abin da ya sauya a waje: bai zo ya nemi gafara ba, majami'armu kuma tana nan a ƙone.

Da azumin Ramadan na shekarar ya kusa ƙarewa, mahaifiyarsa ta shigo shagona da shadda a leda, shi kuma yana biye da ita, kansa a sunkuye. Tun watan Janairu ba ta tako wurina ba. Muka gaisa, na tambaye ta ya ibada, ta ce da godiya, sa'an nan ta ce, “Maman yara, ga ɗanki na kawo a gwada shi.” Na ɗauko igiyar awo daga wuyana, na ce masa ya matso. Na ɗora ta a kafaɗarsa, na ji jikinsa yana rawa a ƙarƙashin yatsuna. Na auna hannu, na auna ƙirji, na auna tsawon riga, ina rubutawa a littafina, na ga ya ƙara faɗi a kafaɗa fiye da awon bara. Na ce masa, “Ka girma, ɗana.” Bai ɗago ba, sai hawaye na ga suna ɗiga a kan takalminsa. Babu wanda ya ambaci majami'a a cikinmu. Na ɗinka masa rigar da dukan iyawata, na yi mata aiki a wuya, kuma na karɓi kuɗin ɗinkin kamar yadda na saba, domin ban so ya ji kamar sadaka nake yi masa don in kunyata shi.

Na san halina, na kuma san cewa da ban yi watanni ina kiran sunansa a gaban Allah ba, da hannuna bai iya taɓa kafaɗarsa ba. Ban yi ƙoƙarin gafarta masa da ƙarfin kaina ba, ba ni da wannan ƙarfi. Na dai riƙa kai shi gaban Uba kowace safiya, Uba kuwa ya yi aiki a kaina. Yaron yana nan a addininsa, yanzu yana aikin gyaran babur, ya yi aure, kuma ni na ɗinka wa ɗansa na fari kayan suna. Majami'armu ma an sake gina ta, da gudummawar ƴan'uwa na ciki da na waje.

Yanzu ƴaƴana sun girma, jikoki sun fara zuwa. A gidana muna taruwa da dare bayan cin abinci, a karanta sura guda, kowa ya faɗi abin godiya guda da abin roƙo guda, har ƙananan. Ina koya musu tsarin da na gada: godiya tukuna, sa'an nan neman gafara, sa'an nan maƙwabta, mu kuma a ƙarshe. Ina kuma koya musu su ware lokacin da za su shiga ɗaki su rufe ƙofa su kaɗai, kamar yadda Ubangiji ya faɗa a Matiyu 6:6, domin addu'ar taro, duk da daɗinta da ganguna da waƙoƙi, ba ta maye gurbin wadda babu mai ji sai Uba. Abin da ke damuna game da matasanmu shi ne wayar hannu ta cinye musu asuba da dare, lokuta biyun da iyayenmu suka keɓe wa Allah, kuma ina faɗa musu haka ba tare da ɓoyewa ba.

A taron zumuntar mata muna da littafi da muke rubuta abubuwan roƙo, mu riƙa komawa kansu. A cikinsa akwai waɗanda ambaliyar kogi ta 2020 ta rushe wa gidaje a unguwar Harobanda ta nan Yamai, wasunsu har yau ba su gama farfaɗowa ba. Akwai shugabannin ƙasa, waɗanda Nassi ya umarce mu mu yi wa addu'a ko su wane ne. Akwai damina, da marasa lafiya, da samarinmu da suka tafi neman kuɗi aka daina jin ɗuriyarsu. A saman shafin kuwa akwai mutanen jihar Tilaberi da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, Kirista da Musulmi, waɗanda wasunsu suke zaune a gidajen dangi a nan Yamai ba gona ba dabba. Ina roƙon duk ɗan'uwa ko ƴar'uwar da ta karanta wannan shaida ta sa su cikin addu'arta, wanda kuma ya san wani daga cikinsu ya kira shi da sunansa, ya kuma je ya duba abin da yake bukata.